Ƙafar Wandon Malam Mahfuz

Iyabo ce ta fara ba ni labarin jirgin Abdulbaqi, Iyabo mai shagon firji da fanka a wajen Wunti. Na je wurinta ne neman farin abin nan mara nauyi da ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali, fom suke ce masa. Ina so in riƙa shimfiɗawa a kular kunun ayata don ƙanƙara ta daɗe ba ta narke ba. Ga shi nan jibge a bayan ƙofarta ya kusa taɓo silin, amma ta ce ko ɓalli ba za ta iya ba ni ba.

"Mama, wannan duka na direban jirgi ne," in ji ta da Hausarta ta kasuwa. "Ni ma ajiya ya ba ni."

Na ce wane irin direban jirgi ne kuma yake bin shaguna yana tara shara? Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta nuna min da baki wata 'yar rumfa a gefen shagonta. Wani siririn mutum ne zaune a kan benci, ya juya wa titi baya, yana naɗa waya a cikin fanka. Na dube shi na sake dubawa, ashe Abdulbaqi ne, maƙwabcinmu a Gwallameji, mijin Ni'ima, wanda muke ce wa Baban Rabi. Kullum yana wucewa ta ƙofar gidanmu ya gaishe ni, ban taɓa sanin hankalinsa na sama ba. Sauran labarin a bakin Ni'ima na ji, wani kuma a bakinsa shi da kansa, yana faɗi yana kallon ƙasa. Ga yadda abin yake.

Abdulbaqi ɗan cikin garin Bauchi ne, a unguwar Jahun aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Mahfuz, shi ne ladanin masallacin layinsu tun kafin a kawo musu lasifika. Mutum ne mara yawan magana, in ya yi dariya sau ɗaya a wata to an yi arha. Yana da wata al'ada da duk gidan suka tashi a kanta: ba a fara abu sai an fuskanci alƙibla. Za a yanka sabon yadi, a juya gabas. Za a sa wa yaro sabon takalmi, a juya shi gabas. Ko sabuwar tukunya za a ɗora a murhu, sai uwar gidan ta gyara tsayuwa ta yi bisimilla. Bai taɓa cewa farilla ba ce, cewa yake abin da aka fara da fuska a can ba ya taɓewa. Shi ya sa da Abdulbaqi ya girma ya buɗe rumfar gyaran fanka, sai ya kafa bencinsa yana kallon bango, titi na bayansa, masu kawo gyara sai dai su yi wa ƙeyarsa sallama.

Labari ɗaya ne tak Malam Mahfuz yake da shi wanda ba na annabawa ba. Yana saurayi, in ji shi, yakan je yankan ciyawar tumakin babansa a gefen tsohon filin jirgi. Wata rana yana durƙushe da lauje sai ga wani ɗan ƙaramin jirgi fari, bai fi motar haya ba, ya taho da gudu a kan ƙasa kamar zabuwa, ya ɗaga hanci, sai ƙasa ta sake shi. Iyakar labarin ke nan. Amma in ya zo wurin "sai ƙasa ta sake shi", yakan buɗe tafin hannunsa a hankali kamar mai sakin tantabara, ya tsaya yana kallon hannun. Abdulbaqi tun yana yaro wannan buɗe hannun ya zauna masa a rai, ya girma da shi bai gaya wa kowa ba.

Ya yi aure, aka haifa masa Rabi'atu, ya tare a Gwallameji inda kullum ake sauke sabon bulo. Ya wuni yana gyaran abin da ke kaɗa iska amma yana tsaye wuri ɗaya. Wani lokaci in ya gama gyara ya kunna don gwaji, sai ya tsaya yana kallon fiffiken na juyawa har ya ɓace wa ido, yana tunanin da za a kwance wa abin nan ƙafa, ko ina zai nufa. Mai fanka na jira a bayansa yana gyaran murya, shi kuwa ya yi nisa.

Ana nan sai ya gani a waya, wasu mutane a wata ƙasa suna ƙera ƙananan jirage da fom, su jefa sama, su riƙa juya su da rimot daga ƙasa. Ba ya jin yarensu, hannayensu kawai yake kallo. Washegari ya je ya tsuguna gaban Iyabo ya roƙe ta kada ta sake zubar da fom.

Ya sha wuya, Allah ya sani. Na farko da ya haɗa, supa gulu ya sa, gam ɗin ya cinye fom ɗin a gaban idonsa kamar gishiri a ruwa. Daga nan ya koma gam ɗin kyandir wanda ake narkarwa, shi ma kaɗan-kaɗan, don ya gane gam ma nauyi ne, abin da zai tashi kuwa ba shi da maƙiyi kamar nauyi. Ya gane fiffike ba a barinsa a shimfiɗe kamar faranti, sai an goge samansa da sanfefa ya yi doro kamar bayan kifi, gabansa da kauri, bayansa da kaifi. Ya tsaga gora siririya ya binne a cikin fiffiken don kada ya karye a sama, jelar kuma ya tokare ta da tsinken tsire. Ɗan injin da batir da rimot, waɗannan daga Legas aka kawo masa a cikin kayan Iyabo. Bayan sallar asuba yake aikin, kafin ya fita rumfa. Ni'ima ta ce in ta zo shara sai ta tarar tsakar gida ta yi fari kamar an zubar da tsakin shinkafa, kaji su taho da gudu su caka su tofar, su tsaya suna kallonta kamar ita ta yaudare su.

Batir ɗin nan, ya ce, ba a barinsa a rana, ba a kuma jona shi a caji a tafi masallaci. In ya kumbura kamar fanke to an gama da shi, a fitar da shi daga ɗaki. Babban abin da ya koya kuwa, bayan ya fasa hancin jirgi ya fi a ƙirga, shi ne awo. Kafin kowane tashi sai ya ɗora jirgin a kan yatsunsa biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, kusa da gaba, ya saki. In hanci ya ɗan rusuna kamar mai gaida surukai, to ya yi. In jela ce ta yi ƙasa, kada ma a soma, a matsar da batir gaba.

Ranar Juma'a bayan la'asar yakan naɗe jirgin a tsohon zanin Ni'ima, ya rungume shi a bayan keke mai ƙafa uku, a ratsa gari da shi har Gubi. Akwai wani fili a gefen dam, ba wayar wuta, nesa da masu wanki da shanun Fulani. Lokacin sanyi ne. Ya tsaya ya fuskanci gabas kamar yadda aka rene shi, iska na bugun fuskarsa har idonsa na ƙwalla, ya motsa rimot ya ga jela na amsawa, ya yi bisimilla, ya jefa. Sai abin ya hau kamar an ja shi da zare daga sama. Ya ce shi dai ji ya yi ƙafafunsa sun daina jin ƙasa. Jirgin ya bi bakin ruwa, inuwarsa na binsa a ƙarƙashi kamar kifi, balbelu suka tashi suka raka shi kaɗan sannan suka gane ba nasu ba ne suka koma. Duwatsun can nesa sun yi shuɗi. Sai da ya ji kukan injin ya fara sanyi ya tuna batir na ƙarewa, ya sauko da shi a kan ciyawa. Duk lokacin sanyin nan haka ya yi ta yi, kowace Juma'a, jirgin bai taɓa ƙi masa ba.

Amma bai gaya wa mahaifinsa ba. Kunya yake ji. Magidanci mai 'ya, ɗan ladan, a ce yana bin fili da abin wasan yara. Ya ja wa Ni'ima kunne kada ta kuskura Baba ya ji.

To a daidai lokacin ne idon Malam Mahfuz ya fara rufewa. Hawan jinin ido, in ji likita, kuma ya faɗa musu gaskiya: abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa sauri. Ba duhu ne yake faɗowa gaba ɗaya ba, gefe da gefe ne yake cinyewa. Malam ya ce da farko duniya ta koma masa kamar faɗin faifai, abin da ke cikin faifan yana gani tar, na waje babu. Daga baya ta koma bakin moɗa. Bai fasa kiran salla ba, don hanyar masallaci ƙafarsa ta san ta.

Wata rana Ni'ima ta kai masa abinci Jahun, ta tarar da shi zaune a zaure shi kaɗai. Ya buɗe tafin hannunsa a gabansa, yana juya kai a hankali yana neman hannun. Ta tsaya da kwano a bakin ƙofa, ta ce ita dai ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Baba, ɗanku fa yana da jirgi."

Ta durƙusa ta gaya masa komai, da fom ɗin, da Gubi, da balbelun. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko yana tashi. Ta ce yana tashi.

"To 'yar nan, ki ce masa ya kai ni in gani, tun da sauran abin gani."

Da Abdulbaqi ya ji, ya zauna a bakin gado. Bai yi wa Ni'ima faɗa ba shi ma. Ya tashi ya sauko da jirgin daga saman sif, ya goge shi da tsumma, ya bi duk inda ya tsage ya liƙe. Daga ranar ba shi da wani buri a duniya sai ɗaya, idon Baba ya sauka a kan jirgin nan yana sama kafin bakin moɗar ya rufe.

Lokacin kuwa sanyi ya wuce, zafi ya wuce, ruwan farko ya sauka, ƙasar Gubi ta fara kore. Suka ɗauko Malam a keke, Ni'ima ta shimfiɗa masa darduma, ya zauna yana fuskantar gabas. Abdulbaqi ya yi awo a kan yatsunsa, hanci ya rusuna daidai. Ya tsaya gefen mahaifinsa, ya kalli gabas, ya yi bisimilla, ya jefa. Jirgin ya fita da gudu, amma maimakon ya hau sai ya yi ta nutsewa kamar wanda aka danne wa baya, ya je ya kafa hanci a ciyawa.

Malam ya tambaya ko ya tashi. Abdulbaqi ya ce saura kaɗan, Baba. Malam ya ce to, Allah ya kai mu wata Juma'ar.

Ya koma gida ya gyara hancin. Ya zargi batir, ya sa wani. Ya zargi farfela, ya canja. Ya kankare gam ɗin da ya yi yawa, ya rage wa jirgin nauyi har ya koma kamar ɓawon ƙwai. Juma'a ta zagayo, aka sake ɗauko tsoho, aka sake shimfiɗa darduma, jirgin ya sake yin abin da ya yi. Ya koma ya kalli mutanen cikin waya, ya ga duk abin da suke yi shi ma yana yi. Abin da bai sani ba, iska ba ta fitowa a waya.

Iyabo ta ga ya rame, ta leƙo rumfarsa ta ce za ta sa shi a addu'a ranar Lahadi, sai dai in jirgin Musulmi ba ya jin addu'ar coci. Ya ce, "Maman Dele, sa mu ciki. Jirgin ma ai daga kwalinki ya fito." Ta ce to in ya tashi ita ce fasinja ta farko, kuma kujerar taga take so.

Ya yi murmushi, amma bai kai zuci ba. Ya fara tunanin ko jirgin kunyar Baba yake ji kamar yadda shi yake ji. Ya fara tunanin ko Allah ne yake nuna masa abin nan wasa ne mara albarka, shi ya sa yake tashi a bayan idon bawan Allah, in an zo gabansa ya faɗi. Wata azahar gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan benci, ya ga kansa ya ƙanƙance ya shiga jirgin, yana shawagi a gaban fuskar Baba, fuskar ta yi girma kamar dutse, yana ɗaga hannu yana kira, Baba kuwa yana kallon wani wuri dabam. Ya farka fankar da ya kunna tana ta juyawa. A makon nan Malam ya ce wa Ni'ima bakin moɗar ya koma kamar kwabo.

Juma'ar da ta biyo baya jirgin bai tsaya a kafa hanci ba, ya wuntsila, fiffike ya rabu biyu. Abdulbaqi ya je ya durƙusa yana tsintar ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hularsa, don ba a barin ko ƙarami, shi ne za a nema wajen gyara. Ya daɗe a durƙushe, ya fi ƙarfin tsintar. Ba ya son ya juyo.

Malam Mahfuz kuwa yana zaune, jelar rawaninsa tana ta tsallako kafaɗarsa tana shafa masa fuska. Ya mayar da ita baya, ta dawo. Ya sake mayarwa, ta sake dawowa. Sai ya kama ta ya riƙe, ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Can ya ce:

"Abdulbaqi, ina ƙafar wandonku?"

Abdulbaqi ya miƙe da sauri ya duba wandonsa gaba da baya, zatonsa ya yage. Ni'ima ta cusa mayafi a baki. Malam ya ce ba wannan ba, su matso. Ya ce a filin jirgin can na da, akwai wata doguwar sanda, a kanta an rataye wani ƙyalle kamar an yanko ƙafar wando, iska na shiga ta sama tana fita ta ƙasa. Su masu yankan ciyawa wandon bature suke ce masa, har suna tsokanar juna wai mai shi yana gida da ƙafa ɗaya. Ya ce ya manta da shi sam, shekara da shekaru, sai yanzu da iska ta dame shi a ƙeya. Kuma jirgin nan fari, in ji shi, ba kullum yake gudu gefe ɗaya ba. Wata rana ya nufi nan, wata rana ya nufi can. Duk inda bakin wandon ya buɗe, wato ɓangaren da iska ke tahowa, can yake dosa kafin ƙasa ta sake shi.

Sannan ya tambayi ɗansa, da sanyi da jirgin yake tashi, a ina iska take bugunsa. Abdulbaqi ya ce a fuska. Ya ce yau fa? Abdulbaqi ya tsaya, ya ji rigarsa na mannewa a bayansa. Ya gane. Amma bai yi murna ba, sai ma ya sunkuyar da kai.

"Baba, iskar daga yamma take. In na juya can, na ba alƙibla baya ke nan. Ku kuka ce abin da aka fara da fuska a gabas ba ya taɓewa."

Ni'ima ta ce a nan ne ta ji tsoro, don ba ta taɓa jin wani ya mayar wa Baba maganarsa ba. Sai ta ga kafaɗun tsohon na motsi, ashe dariya yake.

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Amma wanda ya ajiye alƙibla a gabas, shi ne yake juya iska da damina. Ka yi bisimillarka kana kallon gabas, sannan ka juya ka ba iska fuska. Alƙiblar ni zan zauna in riƙe maka. Kai dai ka kawo min shi ta gabana."

Da suka mayar da shi Jahun ya sa aka ɗauko masa wani tsohon farin wandonsa a adaka, ya miƙa wa Ni'ima. Ta yanke ƙafa ɗaya, Abdulbaqi ya ciro zoben waya daga murfin wata matacciyar fanka, ta ɗinke shi a bakin don ya zauna a buɗe, suka ɗaura a kan gora. Iyabo da ta gani ta ce wannan iyalin sai addu'a, ɗa ya kwashe mata kwali, yanzu kuma ya koma kan wandon babansa. Shi kuwa Abdulbaqi bai liƙe tsohon fiffiken ba, sabo ya yanka, ya ƙara masa tsawo da faɗi, don ya lura mai faɗin fiffike ba ya gaggawa a sama. Idon da ya rage kamar ramin makulli ba zai kama abu mai gudu ba.

Ranar da suka koma, hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin kamar an zuba shuni, rana kuma tana bayansu ta yi laushi. Duk ɗan Bauchi ya san hadarin gabas, in ya iso iska za ta juyo da ƙarfi ta kwashe komai. Amma tukuna iskar yamma ce ke busawa a hankali, ƙafar wandon ta cika ta miƙe tana nuna gabas. Ni'ima ta riƙe gorar. Malam ya zauna a dardumarsa.

Abdulbaqi ya yi awo. Ya tsaya ya kalli gabas ya yi bisimilla. Sannan ya juya, ya ce kamar ana murɗa masa wuya, ya ba iska fuska, ya jefa.

Jirgin ya hau. Bai ko yi gardama ba.

Ya bar shi ya yi sama sosai, ya karkato da shi ta kan ruwa, sannan ya ja da baya ya zo ya durƙusa a bayan mahaifinsa, ya kawo haɓarsa kusa da kafaɗar tsohon don ya ga daidai inda fuskarsa ke kallo. Bai taɓa matsowa kusa da Baba haka ba tun yana yaro, har yana jin ƙamshin turaren rigarsa. Ya gitta da jirgin ta gabansu. Malam ya ce yana jin kukansa amma bai gan shi ba. Ya sake gittawa ƙasa-ƙasa. Malam ya ce kamar wani abu ya ƙyafta, ya wuce. Can ƙasan hadarin walƙiya ta yi.

Sai dabara ta zo wa Abdulbaqi. Ya daina gittawa. Ya tura jirgin gabas, ya yi nisa har ya zama ɗigo, sannan ya juyo da shi yana dosar su kai tsaye, hancinsa cikin iska, ya rage masa wuta. Jirgin ya taho a hankali, a hankali, kamar ba ya tafiya, kamar an rataye shi a jikin hadarin. Rana ta haske shi daga bayansu, ya yi fari fat a kan baƙin. Kukan injin ya koma kamar na ƙudan zuma. Ciyawa ta kwanta, ruwan dam ya yi shiru.

Kan Malam Mahfuz ya daina motsi.

"Tsaya," in ji shi, a hankali, ba a san ko da ɗan yake ko da jirgin ba. Can ya ce, "Fari ne."

"Fari ne, Baba."

"Kamar wancan."

Abdulbaqi ya riƙe jirgin a wurin iya abin da iska ta yarda, yana ƙara girma kaɗan-kaɗan a gabansu. Ta gefen idonsa ya ga hannun Baba ya taso daga kan gwiwa, tafin ya buɗe a hankali, amma wannan karon ba hannun yake kallo ba.

Ni'ima ce ta yi magana, ta ce Baban Rabi, wandon ya kwanta. Ya duba, ƙafar wandon ta saki jiki ta rataye, ta fara kaɗawa tana neman juyawa. Ya sauko da jirgin nan da nan a kan ciyawa, 'yan taku kaɗan daga dardumar, ya kwanta lafiya ko ƙwarzane babu. Bai gama naɗe shi a zani ba iskar gabas ta iso da ƙamshin ruwa. Suka ce Baba a tashi, mai keke na jira. Malam ya ce su dakata, ba a tashi daga wurin ni'ima ba a yi godiya ba. Ya ɗaga hannu, suka ɗaga, ɗigon farko ya sauka a tafukansu.

Kafin a yi girbi idon ya rufe gaba ɗaya. Malam bai yi ƙorafi ba. Ya ce wa Ni'ima duhun ba fanko ba ne, wani lokaci in yana zaune bayan salla sai ɗan farin abu ya taho masa daga nesa a hankali, ya tsaya.

Abdulbaqi yana nan a rumfarsa gefen Iyabo, bencinsa na kallon bango, masu gyara na yi wa ƙeyarsa sallama. Ranar Juma'a bayan la'asar za ka ga keke ya bi hanyar Gubi, gora ta leƙo ta gefe da ƙafar wando a kanta. Malam yakan zauna a darduma ya ɗan sassauta rawani, kafin wandon ya motsa shi ya riga ya faɗi inda iska ta koma, in jirgin ya tashi kuma yana bin kukansa da kai. Yanzu haka wani sabo Abdulbaqi yake haɗawa, fiffikensa ya fi ƙofar ɗakinsu faɗi, sai da ya yi shi gida biyu ana haɗawa a fili. Jelar ce ta rage, yana jiran wani babban firji da Iyabo ta ce yana hanya. Guntayen da suka faɗo wajen yanka kuwa Ni'ima takan aiko min da su a leda, su ne a ƙasan kular kunun ayata.